Shafina yana da kyau a kwamfuta, amma a waya sai haƙuri

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina sana'ar turaren wuta da humra a Maiduguri, shekara 6 ke nan. Bara ɗan ƙanena ya buɗe mini shafin intanet, ya nuna mini a kwamfutarsa, abin gwanin sha'awa. Sai ga kwastomomi suna ta ƙorafi wai ba ya buɗewa, in ma ya buɗe rubutun kamar ƙwayar gero, sai an ja da yatsu biyu. Wata daga Kaduna ta ce datarta ta ƙare ba ta ga ko kwalba ɗaya ba. Shin sai na sake biya an gina mini wani?
Daga wata mai turare, Maiduguri.

AMSA: Wa'alaikumus salam Hajiya, Allah ya ƙara buɗi. Kada ki fitar da ko sisi tukuna. Yaron nan bai cuce ki ba, kuskurensa ɗaya ne: ya ɗinka rigar a jikin kwamfuta, alhali masu sa ta duk 'yan waya ne. Wadda za ta sayi humrarki tana kicin ne ko cikin Keke Napep, da Tecno ko Itel a hannu, sabis yana zuwa yana ɗaukewa.

Na tabbata hotuna ne suka cinye datar baiwar Allah ta Kaduna. Hoton da aka ɗauka da waya aka ɗora shi yadda yake yakan kai megabait 3 zuwa 5. In kwalabe 20 ya jera a shafin farko, ki lissafa da kanki. Ki ce masa ya bi hotunan ɗaya bayan ɗaya ya rage musu nauyi, kowanne ya dawo wajen kilobait 150. Akwai shafukan Squoosh da TinyPNG, kyauta suke yin wannan aikin, kuma a allon waya ido ba ya gane bambanci. Sandal ɗinki zai fito da launinsa. In ya sa bidiyon da ke kunna kansa, ko hotunan nan masu zamewa a sama suna canjawa, ya cire su. Masu gina shafi suna son su don burgewa, ni kuwa ban taɓa jin wanda ya sayi kaya saboda su ba.

Ƙanƙantar rubutu kuma alama ce zubin shafin da ya zaɓa, wato tsarin da ke fitar da kamanninsa, ba ya bin faɗin allo. In da WordPress, manhajar gina shafi, ya yi aikin, abin da sauƙi: ya sauya zuwa zubin da ke daidaita kansa da kowace waya, kayanki ba za su ɓace ba. Rubutu kada ya gaza fiksil 16 (da fiksil ake auna girman abu a allo), wurin dannawa kuma ya kai kusan fiksil 48, yadda babban yatsa zai sauka a kansa ba tare da ya taɓa na kusa ba. Wannan ba don kwastoma kaɗai ba ne. Tun 2019 Google yake duba yadda sababbin shafuka ke fitowa a waya, ita yake aunawa kafin ya nuna su ga masu nema.

Yanzu ga inda na fi so ki tsaya masa a kai. Me mutum ke fara gani in shafin ya buɗe? In dogon "barka da zuwa" ne da tarihin kafuwar sana'a, an yi asarar wuri. A sa kaya, a sa farashi a ƙarƙashin kowanne, da girman kwalbar. Na san wasu 'yan kasuwa ba sa son bayyana farashi, wai sai an zo ciniki, amma mace in ta ga ba kuɗi a rubuce takan ɗauka ya fi ƙarfinta, ta wuce. Sannan a kafa maɓallin WhatsApp inda ba sai an nema ba. Ana rubuta wa.me/234 sai lambarki ba tare da sifirin farko ba, dannawa ɗaya ta faɗo cikin hirarki. Kada a tilasta wa kowa yin rajista ko cike fom mai layi goma kafin ya tambayi kuɗin aike zuwa Kano.

Wani abu da ake mantawa: wasu salon rubutu ba su san ƙ da ɗ da ɓ ba, har da alamar ₦, sai su mai da su ɗan akwati. A duba wannan ma.

In ya ce ya gama, kada ki yarda ya nuna miki a kwamfuta. Ni wata tsohuwar Itel nake ajiye a durowa don wannan aikin kawai. Ki ari wayar da ta fi kowacce tsufa a gidan, ki kashe wayfai, ki buɗe da data, a Chrome da kuma Opera Mini, tunda har yanzu mutanenmu da yawa da ita suke shiga. Ki gwada kanki a matsayin baƙuwa: nemo humra, ganin kuɗinta, aika saƙo. Duk inda kika tsaya kina laluben abin dannawa, ki nuna masa wurin. Shi kuma ya sa adireshin a PageSpeed Insights, shafin Google na auna saurin shafuka, zai jero masa abin da ke jan shafin baya. Aikin yini ɗaya ne ko biyu, kuma kya iya sallamarsa da kwalbar turare ya kai wa mahaifiyarsa.