Rim ɗin kekunan hawa dutse na dawowa a lotse: wa ya kamata ya biya?

Tambaya: Ina sayar da kekunan hawa dutse da kayan gyaransu. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne rim, wato da'irar ƙarfen da taya ke zama a kai. Mutum zai sayi keke, bayan 'yan makonni ya dawo da wili a lotse ko a karkace, ya ce kayana ba su da kyau. Don gudun ɓacin suna nakan canza masa, ribar kuwa nan take tafiya. Wani ya ce in koma sarin rim na kabon (wanda aka yi da zaren kabon maimakon ƙarfe), wai ba ya lanƙwasa. In zuba jari a can ne, ko in daina ba da garanti gaba ɗaya?

Amsa: Malam, ko ɗaya cikin biyun ban goyi baya ba. Asarar da kake yi ba daga raunin rim kaɗai ta fito ba. Garantin naka ne na baka, ba shi da iyaka, shi ya sa kake biyan laifin masana'anta, da na mai haɗa wili, da na dutsen da mahayi ya daka. Kafin ka taɓa jarinka, koyi gane wane ne ya yi ɓarnar, domin rim ba ya ɓoye abin da ya same shi.

Idan aka kawo maka wili, cire taya, ka bi leɓen rim da yatsa. In ka ji ya lotsa a wuri guda, galibi a wilin baya inda nauyin mahayi ya fi sauka, sai ka duba tiyub. Sau da yawa za ka tarar da ƙananan tsagu biyu kusa da juna, a daidai wurin da ya lotsa. Ma'anarsa iska ta yi kaɗan, taya ta matse har ƙasa, rim ya haɗu da dutse ko bakin kwalbati kai tsaye. Haka kuma in da'irar ta baje a wani sashe, wili yana tsalle in an juya shi, dirowa aka yi da ƙarfi. Wannan ba naka ba ne, ba kuma na wanda ka saro a wurinsa ba.

Laifin masana'anta kamanninsa daban. Rim na alminiyom dogon sanda ne aka lanƙwasa aka haɗa bakinsa biyu, ko da walda ko da ƙusa ta ciki, kuma mahaɗar tana yawan kasancewa daura da ramin bawul. In mahaɗar ta buɗe ko ta yi tudu babu wata alamar duka, wannan daga can ne. Tsaga a kewayen ramin sifok (wayoyin da ke haɗa rim da tsakiyar wili) a sabon wili ita ma haka: ko an ɗaure fiye da kima, ko ƙarfen bai da kauri. Amma irin wannan tsagar a wilin da ya shekara da shekaru yana aiki tsufa ce kawai. Alminiyom yana gajiya, kuma babu garantin da ke ɗaukar gajiya.

Akwai na uku, wanda nake zaton shi ne mafi yawan abin da ke dawo maka: wili yana rawa hagu da dama, ba lotsawa, ba tabo. Sifok ne suka saki. Mafi yawan kekunan da ake sarowa inji ne ya ɗaura wilinsu, kuma a makonnin farko wayoyin suna zaunawa, wasu su yi sanyi. Wilin da sifok ɗinsa ba su ɗauru daidai da juna ba, ƙaramin duka ma yana karkata shi. Wannan kason, a gaskiya, na shagonka ne, kuma shi ya fi arhar magani. Kada keke ya fita sai mai gyara ya matsa sifok bibbiyu da hannu, ya sake saita wili. In za ka iya, sayi ma'aunin ɗaurin sifok. Yawancin masu ƙera rim suna sa iyaka a wajen kilo 110 zuwa 120 a ɓangaren da ya fi ɗauri. Sannan ka ce wa mai saye ya dawo bayan makonni kaɗan a sake duba masa kyauta. Aikin 'yan mintuna ne, rim guda da ka canza kuwa yana iya cinye ribar keken duka.

To, batun kabon. Wanda ya ce maka ba ya lanƙwasa bai yi ƙarya ba, sai dai bai ƙarasa zancen ba. Kabon yana jure dukan da zai lotsa alminiyom, amma in dukan ya wuce ƙarfinsa tsagewa yake yi, kuma wanda ya tsage ba a sake hawa kansa. Na alminiyom kuwa sau da dama mai gyara zai kama leɓen da sifana ya miƙar da shi a hankali, mahayi ya ci gaba da tafiya. Kabon ma ba ya son zafi: keken da aka ɗaure a bayan mota wilinsa na fuskantar salansar motar yana iya isa inda za shi da rim a lalace.

Abin da ya fi damuna a matsayina na mai duba kuɗi shi ne yadda zai danne maka jari. Kuɗinsa ya ninka na alminiyom sau da dama, masu sayensa kaɗan ne, ga shi rim ba girma ɗaya ba ne. Akwai inci 26, da 27.5, da 29. Kowanne da faɗin cikinsa, wani ramin sifok 28, wani 32. In cikakken wili ne, ga bambancin faɗin hob (cibiyar wili) na baya, 135 ko 142 ko 148 na milimita. Duk wanda ka ajiye, mai zuwa zai nemi wani. Gaskiya ne manyan kamfanoni na ba da garanti mai tsawo. Kamfanin kekuna na Santa Cruz ya fito da wilinsa na Reserve a 2017 da garantin har abada ga wanda ya saya da farko. Amma kamfanin ne ke ɗaukar wannan nauyi, kuma ya riga ya sa shi cikin farashi. In ka saro kabon marar suna don arha, kai ne kamfanin ranar da ya tsage. Wanda yake so, ya ba da kafin alƙalami a yi masa oda.

Abin da ya cancanci kantarka shi ne alminiyom mai bango biyu (wato mai ninki biyu a cikinsa), rami 32, faɗin ciki milimita 25 zuwa 30 don tayoyin yanzu masu faɗi, a girman da littafin cinikinka ya nuna ya fi tafiya. Mai bango ɗaya bar shi ga kekunan yawo a gari. Ƙananan notin sifok kuma na tagulla sun fi na alminiyom daɗewa, ba sa saurin ciyuwa. Idan tsofaffin kekuna masu birkin roba na zuwa maka, duba gefen rim: robar tana cin bangon har ya yi kwarmi, wata rana ya fashe. Shi ma ba na garanti ba ne.

Garantin kuwa, mai da shi rubutu a bayan rasit, layi uku sun isa: abin da ka ɗauka, abin da ba ka ɗauka ba, da tsawon lokaci. Ɗauki hoton wili biyun ranar ciniki. Ga wanda ya lotsa nasa da kansa, kada ka kore shi, kada kuma ka ba shi kyauta. Sayar masa da sabon rim da rangwame, ya biya kuɗin aiki cikakke. In sabon ya yi daidai da tsohon a awo, sai a ɗaure su gefe da gefe a riƙa mai da sifok ɗaya bayan ɗaya, ba sai an sayi sababbi ba. Ka ga wanda da yake zuwa karɓa, yanzu ya zo saye. A nan ne kuma za ka nuna masa famfo mai ma'auni, tun da yawanci da matsa taya da yatsa yake auna iska, da kuma soson da ake sa wa cikin taya marar tiyub don kare rim, irin CushCore da makamantansa.

Wani abin da 'yan kasuwa ke ƙyalewa don kada ciniki ya kuɓuce: tambayi mai saye nauyinsa da inda zai hau. Keke mai arha da ya yi kama da na hawa dutse ba don tsalle aka ƙera shi ba. In ka faɗa masa tun farko, ko dai ya ƙara kuɗi ya ɗauki mai ƙarfi, ko ya san abin da ya saya.

Buɗe shafi guda a littafinka, duk wilin da ya dawo ka rubuta samfurinsa, na gaba ne ko na baya, da irin ɓarnar. Bayan wata uku za ka ga ko samfuri ɗaya ne ke ta dawowa. In haka ne, tara waɗanda mahaɗarsu ta buɗe da masu tsaga ka kai wa wanda kake sari a wurinsa, kuma a sari na gaba ku yi magana kan mayar da mai aibi kafin ka biya. Daga wannan lissafin ne za ka san nawa za ka ɗora a kan kowane keke don cike abin da ya rage a wuyanka. Tsofaffin abokan cinikin da suka saba da canji kyauta za su yi ƙorafi. Waɗanda suka saya kafin sabon tsarin ka cika musu alkawarin da ka yi, sabon sharaɗi ya fara daga rasit na gaba.