Dalilin goge fata kafin a soka allura

'Yata, na ga saƙonki. Kin ce tun da kika fara aikin jinya ake matsa muku ku goge fatar majinyaci da sifirit, ku jira ta bushe kafin ku saka kanula, ɗan bututun roban nan da ake zurawa a jijiya, kina tambaya ko al'ada ce kawai da aka gada.

An gada, amma da dalili. Akwai ƙwayar cuta mai suna Staphylococcus epidermidis a fatar kowa, har ni da ke, kuma ba ta cutarwa muddin tana waje. Ko allura ta tura ta cikin jini, jikin mai lafiya yakan share ta. Abin tsoron yana ga wanda aka saka wa bawul na ƙarfe a zuciya, wato 'yar ƙofar da ke hana jini komawa baya, ko na'urar daidaita bugun zuciya, ko mai wankin ƙoda da bututu a jijiyar wuya. Ƙwayar nan tana manne wa roba da ƙarfe, ta lulluɓe kanta da wani yauƙi da magani ke wahalar ratsawa, ta yi ta taruwa a bakin bawul. Sai ki ga mutum da zazzaɓi mai naci, gumin dare, kasala, numfashi sama-sama, ana ta ba shi magani ba sauƙi. In wani gutsure na abin da ya taru ya ɓalle ya bi jini zuwa ƙwaƙwalwa, ɓarin jiki ya shanye, Allah ya kiyaye. Maganin kuwa allura ce ta jijiya har mako 6, sau da yawa vancomycin, wani lokaci sai an sake buɗe ƙirji. Tana da 'yar uwa, Staphylococcus lugdunensis, da aka gano a birnin Liyon na Faransa a 1988. Ita ko bawul na halitta lalata shi take yi.

Ga kuma ɗibar jini don gwaji. In ba ki goge da kyau ba, ƙwayar fatar ce za ta tsiro a kwalbar da aka zuba jinin, likita ya rasa gane ko daga zuciya take ko daga fata. Shi ya sa ake ɗiba daga wurare daban-daban.

Abin da na fi so ki kiyaye: bayan kin goge, kada ki hura, kada ki sake lalubar jijiya da yatsa. In kin taɓa, ki sake gogewa, ko da layi ya kai bakin ƙofa.