Takardar "Majinyata Sun Gamsu" Daga Asibitin Sin: A Dogara Da Ita?

Tambaya: Likita, ni ma'aikaciyar jinya ce. Mahaifinmu na fama da kansar hanta. Wani dillali ya kawo mana takardar wani asibiti a birnin Gwanzu na ƙasar Sin mai cewa kusan duk majinyatansu sun gamsu da kulawar da aka yi musu. Yayyena har sun fara zancen sayar da gona. Hankalina ya ƙi kwanciya. Yaya ake auna wannan gamsuwar, kuma abin dogaro ce?

Amsa: Allah Ya ba Baba lafiya, Ya sa kaffara ce. Malama, gara da hankalinki ya ƙi kwanciya.

Awon gamsuwar majinyata ba ƙarya ba ne. Sanannen ma'auni ga masu kansa da ke kwance a asibiti shi ne IN-PATSAT32, na EORTC, ƙungiyar binciken cutar kansa ta Turai, wanda aka fitar a 2005, daga baya aka mayar da shi Sinanci aka gwada. Tambayoyi 32 ne: ƙwarewar likitoci da ma'aikatan jinya, sakin fuskarsu, bayanin da suke yi, tsawon jira, tsabtar ɗaki. Majinyaci ya zaɓi ɗaya cikin amsoshi 5, a mayar da su maki daga 0 zuwa 100. Shi ke nan. Duba da kyau, babu tambaya ko ɗaya a kan ko ƙarin kansar ya ragu.

Nan ne mutane ke faɗawa rami, kuma kullum sai na yi wannan faɗan. Gamsuwa daban, warkewa daban. Mutum na iya ba asibiti maki 100 ranar sallama saboda an yi masa fara'a an canza masa zanin gado, bayan wata biyu a yi masa sutura. Wani bincike a Amurka a 2012 ma ya gano waɗanda suka fi gamsuwa sun fi kashe kuɗin magani, kuma mutuwa ta fi yawa a cikinsu. Likitan da ya ce maka ciwon ya wuce aiki ba ya samun yabo. Mai ce maka "za mu gwada sabuwar dabara" shi ake sa wa albarka.

A Sin akwai ƙarin matsala. Dangi da yawa na ɓoye wa majinyaci cewa kansa gare shi, kamar yadda muke yi a nan, kuma dokar farar hula da ta fara aiki a 2021 ta ba likita damar yi wa dangi bayani idan bai dace a gaya wa mai ciwon ba. To wanda bai san ciwonsa ba, da me zai auna bayanin da aka yi masa? Sannan ki tuna yadda wani lokaci ake cike takardar: yana kwance, ruwa na shiga hannunsa, wadda za ta yi masa allurar dare tana tsaye a kansa. Ke ma kin san abin da zai zaɓa. Wanda ya rasu, da wanda kuɗinsa ya ƙare ya koma ƙauye, ba a tambaye su ba.

Su kansu 'yan Sin sun ɗanɗana kuɗar talla. A 2016 wani ɗalibi, Wei Zexi, ya rasu bayan iyayensa sun kashe kusan yuan 200,000, kuɗin Sin, a kan maganin da ba a tabbatar da amfaninsa ba, a asibitin da ya gani ta Baidu, shafin binciken intanet na Sin. Abin ya tayar da ƙura har gwamnati ta yi bincike. Akwai manyan asibitocin kansa na gaske a Sin, ba musu, amma layinsu ya ishe su, ba sa neman majinyaci ta hannun mai cin la'ada.

Kafin a taɓa gonar nan, ki sa dillalin ya kawo a rubuce: masu kansar hanta a matakin Baba, nawa ne cikin 100 ke raye bayan shekara 1, nawa bayan shekara 5, sunan maganin da za a ba shi, da jimillar kuɗi har da na dawowa duba lafiya. Ki haɗa da hotunan hantarsa da sakamakon gwajin jini ki kai wa likitan kansa a asibitin koyarwa mafi kusa da ku, ya karanta a gaban yayyenki.