Batirin solana yana zafi yana warin ruɓaɓɓen ƙwai

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina da shagon cajin waya a wani ƙauye kusa da Ringim, fanel biyu gareni da batir mai ruwa 200Ah, waya kawai na ja daga fanel zuwa batir ba kwantirola. Kwanan nan da rana ta take sai batirin ya ɗau zafi yana tafasa yana wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai, ruwansa kuma sai sauka yake. Wani yace in ƙara mai asid. A shagon ma nake kwana. Meye shawara?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan uwa. Dan Allah yau ɗin nan ka cire wayar fanel ɗin, batirin kuma ya bar inda kake kwana, ka sama mai inuwa inda iska ke ratsawa. Warin nan da kake ji caji ne ya mai yawa, kuma batir mai ruwa in yana caji yana fitar da iskar haidurojin wadda ita ba ta da wari ko kaɗan, amma in ta kai kashi 4 cikin 100 na iskar ɗaki tartsatsi ɗaya ya isa ta kama da wuta, to kaga shago mai rufin kwano ƙofa a rufe ga masu jiran waya wani ya kunna sigari, abin ba kyau wallahi.

Matsalarka rashin kwantirola ce, wato na'urar da ake sawa tsakanin fanel da batir ta rage ko ta tsayar da caji in batir ya cika. Batir mai 12V bai kamata cajinsa ya wuce wajen 14.4V ba, shi kuwa fanel ba ruwansa da batir ya cika, turawa kawai yake, ga zafin bazara irin na Jigawa da shi kansa yake rage wa batir kwana. Ka sayi kwantirola da ƙaramar mitar auna ƙarfin batir. In batir ya huta ka auna ka ga 12.6V ya cika, in ya sauka 12.1V ya kai rabi, ka daina jansa.

Asid kuma kar ka ƙara. Ruwa ne yake ƙonewa, asid ɗin yana nan a ciki, in ka ƙara sai ya yi ƙarfi ya cinye farantan dalmar da ke cikin batirin. Distil wata zaka nema, wato ruwan da aka tace ta hanyar tururi, ba ruwan rijiya ko na burtsatse ko fiya wata ba, ka zuba ya ɗan rufe farantan kawai kar ka cika shi taf.

In zaka kwance shi, kashe caji tukuna, ka fara cire baƙar waya ta nagatif, kar ka ɗora sifana a kansa, zobe ma ka cire. In asid ya fantsar maka a ido ko fata ka yi ta kwarara ruwa aƙalla minti 15 sannan ka wuce asibiti, wanda ya zube a ƙasa kuma a barbaɗa mai garin kanwa.

In ka ga jikinsa ya kumbura to ya gama aiki. Kar ka yarda a fasa shi a gida dan a ciro dalma, gubar dalma ce ta kashe yara sama da 400 a Zamfara a 2010, duk da can daga haƙar zinare ta fito, ita ɗin ce dai a cikin batirinka. Ka sayar wa masu sayen tsohon batir a rufensa, kafin su zo kuma kar yara su taɓa shi.