Takardar bayani ta ce DESC, sakamako kuma ya zo a juye

Tambaya: Malam, ina amfani da wani laburare (tarin kod da aka shirya don a yi amfani da shi) da aka gina a kan SQLite, manhajar adana bayanai, don binciken kalmomi cikin rubutu. Takardar bayaninsa ta ce a jera sakamako da ORDER BY bm25(labarai) DESC, wato daga babban maki zuwa ƙarami, domin wanda ya fi dacewa ya zo a sama. Da na bi, sai marasa amfani suka riƙa zuwa farko. Ni ne na yi kuskure ko takardar? Idan ita ce, yaya zan gyara?

Amsa: Ɗan'uwa, alamu sun nuna laifin ba naka ba ne. A FTS5, injin binciken rubutu wanda ya shiga SQLite tun sigar 3.9.0 a shekarar 2015, bm25(), mai ba kowane rubutu makin dacewa, yana ninka makin da ya lissafa da -1. Saboda haka rubutun da ya fi dacewa shi ke da lamba mafi ƙanƙanta: mai -8.2 ya fi mai -1.3. Da gangan aka yi haka, don ORDER BY rank (rank shi ne ginshiƙin da ke ɗauke da wannan makin) kawai ya wadatar ba tare da DESC ba, kuma ya fi kiran bm25() kai tsaye sauri.

Ina kyautata zaton wannan layin na takardar an gaje shi ne daga zamanin FTS4, injin da ya gabaci FTS5. A can babu bm25 na cikin gida; mutum ne ke rubuta nasa lissafin daga matchinfo(), ya jera da DESC. Haka ma ts_rank na PostgreSQL, wata manhajar adana bayanai, yake, babbar lamba ita ce gaba. Aka sauya inji, aka manta da takarda.

Amma kada ka yi gaggawar taɓa takardar. Buɗe kod ɗin laburaren ka duba ko yana juya alamar lambar da kansa a wani wuri. Idan yana yi, wataƙila takardar ce ke da gaskiya, kod ɗin ne ya lalace, kuma gyaranka zai binne matsalar ne kawai. Wannan matakin ne mutane suka fi tsallakewa, kuma shi ne ya fi damuna, domin takardar da aka gyara bisa zato ta fi tsohuwar haɗari: kowa zai ɗauka an tantance ta.

Bayan ka tabbatar, haɗa ƙaramin misali da kowa zai iya gwadawa cikin minti ɗaya. Tebur mai layi uku ya isa: ɗaya kalmar ta fito sau huɗu, ɗaya sau ɗaya, ɗaya babu ita sam. Nuna abin da DESC ya kawo da abin da ya fito ba tare da shi ba, ka rubuta sigar laburaren da abin da SELECT sqlite_version() ya ba ka. Mai kula da aikin ba ya buƙatar ya yarda da kai, idonsa zai gani.

Gyaran kansa ya zama ɗan kaɗan. Cire DESC, ka ƙara jimla ɗaya mai cewa ƙaramar lamba ita ce mafi dacewa, domin idan babu wannan bayanin, wani mai kyakkyawar niyya zai zo ya mayar da shi. Bincika sauran shafukan, don irin wannan misalin akan kwafe shi wuri biyu ko uku. Kada ka haɗa da gyaran waƙafi da sake tsara sakin layi. Aika su daban.

Tun da kana kan shafin, gwada wani iƙirarin da ake yawan samu, wato wai binciken yana kama guntun kalma. Da unicode61, wanda shi ke yanka rubutu zuwa kalmomi idan ba a zaɓi wani ba, neman karan ba zai kawo karanta ba sai ka rubuta karan*. Neman tsakiyar kalma kuwa sai da trigram, mai yanka rubutu haruffa uku-uku, wanda ya zo a sigar SQLite 3.34.0. Idan takardar ba ta faɗi haka ba, buɗe wa wannan batun rahoto na biyu da nasa misalin.