Kwabon da aka buga da kuskure yana da daraja?

Malam, ka ce ka samu tsohuwar dala biyar ta sefa a adakar kakanka nan Birni, rubutunta ya karkace, kana tambaya ko za ta yi kuɗi.

Tana iya yi, in dai kuskuren daga gidan bugu ya fito: hatimi ya sauka a gefe, ko rubutu ya ninku biyu. Santin Amurka na 1955 mai ninkakken rubutu da haka ya yi suna, har yau masu tara kwabbai na rububinsa. Amma lotsewa, ko cin ƙasa, ko dukan maƙeri, lalacewa ce kawai, ba mai saye.

Ka lura da abu biyu da ba kuskure ba ne. Kwabban sefa da ake bugawa a Faransa, in ka juya su ta gefe, bayan yakan fito a kife. Haka aka tsara su, kada wani ya ruɗe ka a Kasuwar Dole. Haka ma tsohuwar azurfa mai hoton Mariya Tareza, sarauniyar Austiriya: 1780 aka ci gaba da rubutawa a kanta shekaru aru-aru bayan nan.

Don Allah kada ka goge ta da toka ko lemun tsami, gugar na karya mata farashi. Ka naɗe ta a takarda, ka ɗauki hoton fuska biyun da bakinta da rana, ka sa mana nan mu duba.