Dalilin da ya sa mutanen Brooklyn ke cewa za su shiga birni

Ɗana, saƙonka ya iso, na kuma ji daɗi da kake lafiya. Ka ce mai gidan da kake haya a Brooklyn, in zai tsallaka Manhattan sai ya ce zai shiga birni, alhali shi ma a New York yake zaune, kuma ko a adireshin wasiƙa Brooklyn ake rubutawa. Kana tambaya ko al'ada ce ko iyayi. To, ba iyayi ba ne, maganar tana da tushe.

A da Brooklyn birni ne mai cin gashin kansa, kafin a haɗa shi da New York. Mutanen Holan ne suka kafa shi a 1646, suka raɗa masa sunan wani garinsu da ke kusa da Utrecht, Breukelen. Turawan Ingila suka karɓe yankin a 1664, harshensu ya lanƙwasa sunan. A 1834 ya zama birni da magajin garinsa, ya shiga haɗiye maƙwabta: Williamsburg da Bushwick a 1855, su Flatbush da Gravesend a 1894. Ka ga shi ma ya ci wasu kafin a ci shi. A ƙidayar 1860 shi ne na uku a yawan jama'a a duk Amurka.

A da, wanda zai je Manhattan sai ya hau jirgin fito. Da aka buɗe babbar gadar nan da ta haɗa Brooklyn da Manhattan a watan Mayun 1883, mutum ya iya kwana a Brooklyn ya yi sammako ya taka da ƙafa zuwa wurin aikinsa. Amma ni a ganina ruwa ne ya fi gadar karya musu lago. Rijiyoyi da tafkunan tsibirin Long Island da suke sha sun fara gazawa, bashi ya yi wa hukumar garin katutu, ga New York kuwa, wato birnin da ke tsallaken kogi a Manhattan, tana jan ruwa daga kogin Croton. Andrew Haswell Green, wanda ya daɗe yana fafutukar haɗe Brooklyn da New York, ya samu abin faɗa. Jaridar Brooklyn Eagle kuma ta tsaya kai da fata kan a bar garin yadda yake.

Aka kaɗa ƙuri'a a 1894. A Brooklyn mutum 64,744 suka amince, 64,467 suka ƙi. Tazarar 277 ce kacal, mutanen da jirgin fito ɗaya zai kwashe! Ranar 1 ga Janairun 1898 birnin ya koma ɗaya daga gundumomi biyar na New York, kuma har yau akwai masu kiran abin babban kuskuren 1898. Doka ta sauya a dare ɗaya, bakin mutane bai bi ta ba. Yara suka taso suna jin manya na kiran tsallaken kogi birni, suka riƙe, haka ta gangaro har kan mai gidanka. Don haka kada ka yi masa gyara.

In ka samu sarari, ka je titin Joralemon ka ga ginin da ake kira Borough Hall, nan ne tsohon ofishin magajin gari. Kuma in za ka yi katin laburare, ka lura na Brooklyn daban ne da na Manhattan, hukumominsu ba ɗaya ba ne. Ka gaishe min da mai gidan naka.